Kunyar Ɗan Fari a Gaban Noter

Babu daular da ta taɓa tsayuwa a doron ƙasa sai da jakar takardu. Kusan shekara ashirin ke nan ina koyar da tarihi a wata lakwal ta birnin Lyon, na bi da yara ta Rum da Misira da sauran waɗanda suka yi zamani suka shuɗe, kuma abin da na tsinta bai wuce wannan ba: takobi yana kafa mulki, amma magatakarda ne yake riƙe shi. Gida ma haka yake. Uwa tana iya ɗawainiya da ɗa shekara hamsin, ta wanke, ta ciyar, ta yi jinya, amma ranar da ta faɗi, hukuma ba za ta tambayi abin da hannunta ya yi ba. Abin da ya rubuta za ta tambaya. Hannun Inna kuwa bai taɓa rubuta komai ba.

Mu biyu ne a wurinta. Yaya ne ɗan fari, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha ɗaya da ƙananan kaburbura uku a Damagaram. Yana da shekara huɗu sanƙarau ya kwantar da shi. Ya tashi, amma bai tashi duka ba. Ƙafar hagu ta koma bin ta dama a baya, hankali kuma ya tsaya inda cutar ta same shi, ko gaba kaɗan. Baba direba ne a wani ofishin jakadanci a Paris, shi ya kwaso mu tun ina goye. Da ya rasu, Inna da Yaya suka ci gaba da zama a hawa na bakwai na wani dogon bene a Saint-Denis, ni kuma aiki da aure suka kai ni Lyon, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa.

A lokacin da nake ba da labari, Yaya ya haura hamsin, furfura ta cinye masa gemu. Ba ya iya ɗaura igiyar takalmi, ba ya sanin canji, bai yarda cewa gas abin kashewa ne ba. Amma ya san metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, fiye da waɗanda suka haƙa shi. Duk Asabar shi da Inna suna zuwa Château Rouge sayen busasshiyar kuɓewa da gero da nama, yana jan keken cefane, yana kiran sunan kowace tasha kafin lasifika ta kira. Idan lasifikar ta riga shi, yakan ɗaure fuska har tasha biyu.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma Inna ta mayar da ita sana'a. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Mutumin nan” ne, ko “yayanki”, ko kuwa “wancan” idan ya ɓata mata rai. Idan ta gama tuwo, bango take gaya wa: “Abinci na nan, ga mai so.” Idan maƙwabta suka yaba mata yadda take fito da shi fes, riga a goge, farce a yanke, sai ta kau da kai ta ce, “Ai na kakarsa ne.” Kakar tasa ta rasu tun ban iya tafiya ba.

Wata safiya ta kaka, na'urar hawa bene ta lalace kamar yadda ta saba, Inna ta sauko da ƙafa za ta karɓo magani, jiri ya kwashe ta a hawa na uku. Waɗanda suka same ta ba su san akwai wani a sama ba, ita kuma ba ta cikin hayyacinta balle ta faɗa. Sai washegari wata maƙwabciya ta tura ƙofa ta tarar da Yaya zaune a kujerar bakin ƙofa, da kwat ɗinsa, takalmi ba a ɗaure ba, hannu a kan keken cefane. An ce masa ya jira, yana jira.

Na iso asibiti da la'asar. Bayan gaisuwa, da faɗan da ta yi mini na baro aji saboda abin da bai kai ya kawo ba, Inna ta kalli ƙarfen da ruwan magani yake rataye ta ce, “Auta, in na tafi, ina za a kai mutumin nan?”

Tana da shirinta, ashe. Shekara da shekaru tana zubin adashi da matan garinmu, tana yin fura da dambu ana zuwa saye har daga La Courneuve, ga awarwaron zinari shida da ba ta taɓa sawa ba. Niyyarta ta kira dattijo guda, ta ce a gabansa, “Ga amana, Auta za ta riƙe,” a shafa fatiha a tashi. A Damagaram da magana ta ƙare ke nan. Madam ɗin da ke kula da al'amuran marasa galihu a asibitin ita ta zaunar da ni ta warware mini yadda abin yake a nan. Idan uwa ta rasu ba takarda, alƙali ne zai zaɓi wanda zai riƙe Yaya, kuma ba dole ni ce ba. Yana iya zama wani ma'aikaci da aikinsa ke nan, mai kirki wataƙila, amma wanda bai san Yaya ba ya cin albasa idan ya gan ta ba. Kuɗin kuma idan aka jibge masa su haka kawai, abin da suke haifarwa yana iya rage ɗan tallafin da gwamnati take ba shi duk wata, ko kuɗin gidan kula da naƙasassu ya lashe su. Abu biyu ake bukata. Na farko, wani irin asusu da doka ta ware wa masu naƙasa, inda kuɗin za su zauna suna ƙara masa abin da tallafin ba ya saye, ba tare da sun kore shi ba. Na biyu, takarda a gaban noter, wato mai hatimin da abin da ya rubuta yake zaunawa, inda uwa za ta faɗi wanda zai ɗauka daga inda ta ajiye.

Asusun bai ba mu wahala ba. Banki ba ya tambayar zuciyar kowa.

Takardar kuwa sai da tafinta, don Faransancin Inna na cefane ne da na gaisuwar likita. Ni ba zan fassara ba, tunda ni ce za a damƙa wa amanar. Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na ce bari in samo wanda Inna za ta sake da shi, kada ofis ya firgita ta. Akwai wani Malam, Badamagare, aminin Baba tun suna samari, shi ya yi masa salla ranar da ya rasu, kuma ya yi shekaru yana tafinta a kotuna, da rantsuwarsa da komai. Na kira shi, muka yi gaisuwar minti goma, ya ce ai wannan aikin lada ne. Na ajiye waya ina jin daɗin kaina. Na karanta littattafai da yawa a kan yadda manyan janar-janar suke kai rundunarsu cikin fadama da hannunsu, kuma kullum ina mamakin yadda ba su gani ba.

Ofishin noter ɗin yana wani tsohon gida mai matakalar katako. Mace ce, gashi fari a datse, tabarau a rataye da sarƙa. Ta ba Inna kujera mai hannu, Malam a gefenta, ni a ɗaya gefen. Yaya ya zauna a lungu da taswirar metiro da ya ciro daga aljihu. Noter ta karanta shafi biyu, Malam yana juyawa, Inna tana “to, to”. Sannan ta ajiye takarda ta ce doka ba ta ba kowace uwa damar yin wannan ba, sai wadda take ɗauke da nauyin ɗan nata baligi, nauyin aljihu da na zuciya duka. Haka dokar ta haɗa su. Don haka tana son ta ji daga bakinta.

Malam ya gyara zama. “Hajiya, madam tana tambaya. Ke ce ke ɗauke da yaron nan, ci da sha da sutura? Kuma ke ce mai ƙaunarsa?”

Na ga wuyan Inna ya sanƙare. Ta ja bakin mayafi, ta kalli ƙafar tebur.

“Ni? Ina ruwana da shi. Na kakarsa ne.”

Malam ya kaɗa kai a hankali, irin na wanda ya ji karatu ya fita daidai, sannan ya juya ya zuba wa noter maganar cikin Faransanci mai kyan gaske, bai rage ko wasali ba: ta ce babu ruwanta da shi, na kakarsa ne.

Noter ta ɗaga gira. “Kakar tana raye?”

“Ta rasu da daɗewa,” in ji ni. Na fara bayani, da sauri, da muryar aji: al'ada ce, a wurinmu uwa ba ta…

“Madam,” ta katse ni, ba da faɗa ba, “ke ce za a ba amanar. Ke ce mutum ta ƙarshe da ya kamata in ji daga gare ta a kan wannan.” Ta sake fuskantar Inna. “A tambaye ta, ko za ta gaya mini sunan ɗanta.”

“Yana cikin takarda,” in ji Inna.

“A tambaye ta ko tana son sa.”

Malam ya yi gyaran murya kafin ya juya wannan, shi ma ta yi masa nauyi. Inna ta ɗago a karo na farko.

“Haba, Malam. Wace irin magana ce wannan? A gabanka? A'a. Ka ce mata a'a.”

Ya ce mata a'a.

Don Allah kada a ɗauka noter ɗin muguwa ce, ko jahila. Da Malam ya nemi izini ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yarda, idonta ma ya gaya mata, ga mutum nan a lungu da rigarsa a goge. Amma ba za ta buga hatimi a kan magana ba alhali mai maganar ta ƙaryata ta sau biyu a gabanta. Ranar da wani zai ƙalubalanci takardar, ba rigar za a kira shaida ba. Ta rufe dosiyen takardun. Ƙarar rufewar ce ta sa Yaya ya ninke taswira ya miƙe.

“Mu tafi?” ya ce.

A bakin titi na kasa haƙuri. “Malam, ai da ka gyara maganar. Ka san abin da take nufi.”

“Na yi rantsuwa, ɗiyata. Abin da kunne ya ji shi baki zai faɗa.” Ya gyara hularsa. “Kuma me zan gyara? Hajiya ta yi maganar ɗiyar manyan mutane. Da ta ce e a gabana, wallahi da na rasa inda zan sa fuskata. Marigayi ya yi dacen mata.”

“Dacen nan ya ci mana randebu, ranar ganawar da muka jira wata uku.”

“To, Madam mai lakwal, sai ki ba mu sifiri mu duka.”

Inna ba ta yi dariya ba. Sai da Malam ya shige tashar bas ta juyo kaina. “Ke ce marar kunya. Kin rasa wanda za ki kwaso sai aminin ubanki, ki zaunar da ni a gabansa, Nasara tana tambayata abin da ko uwata ba ta taɓa tambayata ba. Karatun naki ina ya tafi?”

“Inna, kalma ɗaya ce fa.”

“Ke da kalma ba ta yi miki tsada.”

Muka shiga metiro, Yaya yana kiran tashoshi ɗaya bayan ɗaya har Saint-Denis.

Na koma Lyon da fushi, fushin kuma ya daɗe. Gaisuwarmu a waya ta koma ta ƴan Paris: lafiya, lafiya, ya jiki, da sauƙi, sai an jima. Ina tsaye gaban allo ina bayanin yadda sarakuna suke barin gadon sarauta ba wasiyya, ƙasa ta yamutse, a raina ina cewa ga tsohuwa can ta fifita fuskar Malam a kan makomar ɗanta. Na ɗauki lokaci kafin in yarda cewa ba fuskar Malam take karewa ba. Abin da aka koya mata tana amarya shi ne, ɗan fari ba a nuna shi, ba a yabonsa, ba a ce nawa ne, don kada ido ya faɗa masa. Ta bi wannan sau da ƙafa, cuta kuma ta zo duk da haka. Wata uwar da ta watsar da abin tun ranar. Inna ƙara ƙulle shi ta yi. Ban san ko tana ganin ta taɓa yin sakaci ne sau ɗaya, ta kalle shi fiye da kima yana jariri. Ban tambaya ba. Akwai tambayoyin da digiri ba ya ba mutum izinin yi.

Duk da haka sauran shirin bai tsaya ba. Mun yarda Yaya ya riƙa zuwa Lyon lokacin hutun lakwal, kwana uku ko huɗu, don ya saba. Maigidana ya kwashe littattafaina daga ƙaramin ɗaki ya jera su a baranda cikin kwalaye, Rum a ƙasa, juyin juya halin Faransa a sama, aka sa gado. Yaya ya raina metiron Lyon tun ranar farko. Ya duba taswirar, layi huɗu kacal, kuma da haruffa maimakon lamba, ya miƙo mini ita.

“Auta, wannan na yara ne.”

Abin da ya sasanta shi da garin shi ne ɗan jirgin da ake ja da igiya zuwa kan tudu. Mun hau shi sau biyar a yini guda. Muka je ganin wani gidan yini na masu naƙasa, inda ake saƙa da dashen furanni, aka rubuta sunansa a layin jira. Ya gaisa da kowa hannu da hannu, har da mai shara, sannan ya tambaye ni ko an gama, Inna tana jira.

Duk zuwan da zai yi, kafin jirginsu ya baro Paris, saƙon murya yake shigowa wayata. Inna ba ta iya gajeren saƙo ba. “Auta, ki yanka albasa ƙanana, in ya gani ba zai ci ba. Ruwan wanka kada ya yi zafi, ba ya faɗa, sai dai ki ga fata ta yi ja. Takalmin hagu a fara sa masa. In ya yi shiru yana murza kunne, ciki ne. Kada a ce masa ya jira in ba dawowa za a yi da wuri ba, don zai jira.” Minti bakwai, minti tara, babu suna ko sau ɗaya. Wata rana na zauna a ɗakin malamai na fara juya ɗaya zuwa Faransanci, da niyyar aika wa noter. Ga hujja, in ji malamar tarihi. Na kai rabi na tsaya. Ji na yi kamar na ɗaga labulen banɗaki tana ciki, na kira mutane su gani. Na goge.

Ba ni na karya shirun ba. A benensu akwai wata tsohuwa ƴar Mali a hawa na huɗu, ita ma da ɗanta babba marar lafiya, sukan haɗu da Inna a wurin likita. Ta rasu a ƙarshen hunturu. Bayan sati biyu mutum biyu suka zo da farar mota, mace da namiji, masu ladabi, suka fito da ɗan da akwati ɗaya. Inna tana kallo ta taga. Ta ce ba su yi masa komai ba, har riƙe masa ƙofa suka yi. Sai dai sun sa masa hula, shi kuwa duk benen an san ba ya son hula.

Inna ta kira ni da hantsi, ina tsakanin aji biyu. Ba ta ko gama gaisuwa ba.

“Ki sake ɗaukar randebu wurin matar nan mai tabarau.”

“To, Inna.”

“Ki samo mace. Wadda ba ta san ubanki ba, ba ta san garinmu ba, ba ta san kowa nawa ba.”

“To.”

“Ke ma ki fita.”

Samun Bahaushiyar da ba ta san kowa ba a Paris ya fi samun gida wuya. Duk wadda na taɓo, sai a tarar kakarta ta yi maƙwabtaka da gwaggon wani. A ƙarshe wata mai sayar da atamfa a Château Rouge ta haɗa ni da ƙanwarta, ƴar Chadi, ma'aikaciyar jinya, wadda ta koyi Hausa a kasuwa wurin mahaifinta. Noter ta yarda ta rantsar da ita. Na kai ƴar Chadin gida su gaisa da Inna tukuna. Hausarta tana tafiya da ɗingishi, tana ce wa mace “ya zo”, tana cusa Larabci inda ta rasa kalma. Na ji kunya, na ɗauka Inna za ta ƙi. Da ta tafi, Inna ta ce, “Wannan ta yi. Hausarta ba ta da dangi.”

Ranar, ni da Yaya muka zauna a ɗakin jira, ƙarƙashin wani agogon bango da ya girmi jamhuriya. Ƙofar ofishin mai kauri ce, an yi ta don irin wannan. Minti goma, ashirin. Tambayar da amsarta kalma ɗaya ce.

“Inna na ina?” in ji Yaya.

“Tana ciki, tana magana.”

“Maganar me?”

“Maganarka.”

Ya yi dariya har da buga gwiwa, yadda yake yi idan na ce masa metiron Lyon ya fi na Paris. “Auta maƙaryaciya,” ya ce, ya koma kan taswirarsa.

Sai da aka yi minti arba'in aka buɗe. Noter ta cire tabarau tana goge su da gefen riga, ta daɗe tana gogewa. Ƴar Chadi tana fyace hanci. Inna kaɗai ce fuskarta a bushe, tana zaune ƙyam kamar mai jiran bas. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Gyara ɗankwalinki. Kamar wadda aka koro.”

Aka sake karanta takardar daga farko. A shafi na biyu akwai layi guda da ya ce mahaifiyar ta bayyana cewa ita ke ɗauke da nauyin ɗanta, na aljihu da na zuciya. Minti arba'in ɗin ke nan, a layi ɗaya da rabi. Inna ta kama alƙalami kamar muciya ta zana harafin farko na sunanta, wanda ta yi sati tana koya a bayan ambulan ɗin lantarki. Na sa hannu. Hatimi ya sauka.

A matakala na ja ƴar Chadi gefe. “Don Allah, me ta ce?”

“Na yi rantsuwa, ƴar'uwa,” ta ce. “Uwarki ne. Je ka tambaye shi.”

Ban je ba. Na san amsar da zan samu, da kuma abin da za a ce game da ɗankwalina.

Bayan wannan komai ya tafi yadda littafi ya ce. Aka sayar da awarwaron a wani shago kusa da masu atamfa, Inna ta tsaya a kan ma'auni kamar alƙali, kuɗin suka bi na adashi cikin asusun. Na rubuta dogon bayani na yadda ake zama da Yaya, shafi goma sha ɗaya, daga albasa har murza kunne, na ba noter kwafi, na ba gidan yini kwafi, don ko ni ma ba a ba ni tabbacin kwana ba. Muka sa maigidana a matsayin wanda zai karɓa idan na riga su. Aka yi wa ƙaramin ɗakin fenti. Aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Malam da kansa ya zo ya yi addu'a, bai tambayi yadda aka yi ba, Inna ba ta faɗa ba, suka sha fura suna zagin tsadar nama. Inna ta sami sauƙi ƙwarai a shekarar, har ta koma yin dambu. Ta ce mini a waya, “Yanzu ko gobe aka kira ni, na ɗaure kayana.” Ni ma na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina, irin wanda mutum ba ya sanin yana ɗauke da shi sai an sauke. Mun hango komai: wanda zai sa hannu, wanda zai biya, jirgin da za a hau, gadon da za a kwanta, takalmin da za a fara sawa. Kowane shafi da sharaɗi guda yake farawa, wato ranar da mahaifiyar ta rasu ko ta kasa.

A hunturu na biyu Yaya ya kama tari, tarin ya sauka ƙirji, ya yi kwana shida a asibiti. Ya rasu ranar Talata da hantsi. Inna tana nan.